Tabarau mai kyamara: mu tsara ƙa'idar shigarsa gidajenmu tun bai yi yawa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan wani reshe na ilimin kwamfuta da bai cika fitowa a jaridunmu ba, alhali kuwa abubuwan da ya haifar sun fara shiga kasuwannin duniya a siffar tabarau da agogon hannu. Reshen shi ne koya wa kwamfuta ta gane abin da mutum yake yi ta hanyar na'urorin da ke jikinsa, wato kyamara a goshi ko a ƙirji wadda ke ganin abin da idonsa ke gani, da ma'aunin motsi a wuyan hannu wanda ke lissafa duk wata girgiza ta jikinsa. Ni malamin kwamfuta ne, kuma ina bibiyar wannan bincike da sha'awa da damuwa a lokaci guda. Ra'ayina shi ne aikin yana da amfanin da bai kamata ya wuce mu ba, amma ba za mu ci moriyarsa ba sai mun sa hannunmu a ciki, kuma kafin mu sa hannu wajibi ne mu warware batun izini, domin irin wannan kyamara kowa take ɗauka ban da wanda ya sanya ta.

Kyamarar da muka saba da ita, kamar ta tsaro da ke kusurwar banki, tana kafe ne a wuri ɗaya tana kallon mutane daga nesa, kuma tana ganin mutum tun daga kai har ƙafa. Wanda ya taɓa kallon bidiyon kyamarar goshi ya san ba haka abin yake ba. Fuskar mai aikin ba ta fitowa ko sau ɗaya. Hannaye biyu ne ke shigowa daga ƙasan hoton, ɗaya riƙe da wuƙa, ɗaya dafe da albasa, yatsu sun rufe rabin abin da ake yankawa. Can sai hoton ya dushe gaba ɗaya saboda wani ya kira mai aikin ya waiwaya, a ga bango, a ga ƙofa, a ga fuskar wanda ya yi kiran, sannan a dawo kan albasar wadda yanzu ta zama gunduwa-gunduwa. Wannan hargitsi yana wahalar da kwamfuta ƙwarai, domin dole ta gane cewa gunduwoyin nan su ne albasar ɗazu. Sai dai a cikin hargitsin akwai abin da kyamarar bango ba za ta taɓa samu ba, wato inda hankalin mutum yake. A shekarar 1999 Michael Land na Jami'ar Sussex a Ingila da abokan aikinsa sun ɗaura wa mutane na'urar bin diddigin ƙwayar ido suka sa su dafa shayi, suka gano cewa kusan duk kallon da mutum ke yi yana kan kayan aikin da ke gabansa, kuma ido yakan riga hannu isa kan buta ko kofi da kusan rabin daƙiƙa. Ke nan wanda ya ga abin da mutum ke kallo ya ga abin da zai yi tun bai yi ba, kuma a kan wannan ne masu binciken suka ɗora begensu na samar da na'urar da za ta tunatar da mutum kafin ya yi kuskure.

Abin ba na jiya ba ne. Tun a 1994 Steve Mann, wanda a lokacin ɗalibi ne a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, yake yawo da kyamara a kai yana aika hotunanta kai tsaye zuwa intanet. Amma abin da ya fara gamsar da ni cewa akwai alheri a wannan fanni shi ne wata ƙaramar kyamara mai suna SenseCam da sashen bincike na Microsoft da ke Kembirij ya ƙera a farkon shekarun 2000. Ana rataya ta a wuya, tana ɗaukar hoto da kanta kusan kowace daƙiƙa 30, ko kuma idan ta ji haske ya canza ko ɗumin jikin wani ya gifta ta gabanta. Likitocin asibitin Addenbrooke suka gwada ta a kan wata mata da kumburin ƙwaƙwalwa ya bar ta da mantuwa mai tsanani, har ta kai duk abin da ya faru da ita yakan ɓace mata bayan 'yan kwanaki. Da ta riƙa zama da mijinta suna duba hotunan ranar lokaci-lokaci har mako biyu, sai ta iya tuna kusan kashi 80 cikin 100 na abin da ya faru, kuma tunanin ya zauna mata tsawon watanni, alhali da aka gwada da rubutaccen kundin tarihin rana kusan rabi kawai ta riƙe. Mutum ɗaya ce aka gwada a wannan rahoto, don haka ba za a ce an samu magani ba. Duk da haka, duk wanda ke da tsoho a gida da ya fara tambayar abu ɗaya sau biyar a wuni ya san darajar a mayar wa mutum da jiyansa.

A zamanin SenseCam mutum ne ke duba hotunan. Yau ana so kwamfuta ta duba da kanta, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira ba sa koyon komai sai an nuna musu misalai masu ɗimbin yawa da aka riga aka rubuta bayaninsu. Shi ya sa babban aikin shekarun nan shi ne tara rumbunan bidiyo. A 2018 Dima Damen ta Jami'ar Biristol da abokan aikinta suka fitar da rumbun EPIC-KITCHENS, awa 55 na mutane 32 suna girki da wanke-wanke a kicin ɗin gidajensu a Biristol da Toronto da Kataniya da Siyatil, kowa da kyamara a ka, kuma bayan an gama kowa ya zauna ya faɗi da bakinsa abin da yake yi a kowane lokaci. Daga baya aka faɗaɗa shi zuwa awa 100. Sai kuma Ego4D, wanda kamfanin Facebook da jami'o'i 13 suka sanar a watan Oktoban 2021 ƙarƙashin jagorancin Kristen Grauman: sama da awa 3,600 na bidiyo daga mutum fiye da 900 a wurare 74 cikin ƙasashe tara, har da masu gini da kafintoci da manoma da masu gyaran keke. Tambayoyin da aka ɗora wa kwamfuta a kan wannan rumbu na yau da kullum ne: a ina na ajiye makullina, wa ya faɗi me a wajen hira, me hannuna ya yi wa wannan abu, me zan yi nan da 'yan daƙiƙoƙi.

Ma'aunin motsi kuwa bai ganin komai, lambobi kawai yake tarawa, sau 100 a daƙiƙa guda ta fuskoki uku, amma ya fi kyamara arha da juriyar batir, kuma ba ya ɗaukar fuskar kowa. Tsakanin 2013 da 2015 shirin binciken lafiya na UK Biobank ya aika wa mutum sama da 100,000 irin wannan ma'auni suka ɗaura a hannu na kwana bakwai. Domin a san ma'anar lambobin, sai masu bincike a Okusfod suka sa mutum 151 su ɗaura ma'aunin tare da rataya kyamara, ta yadda hoton zai nuna cewa wannan girgizar tafiya ce, waccan tuƙin keke ce, waccan kuma zaman kallon talabijin. A nan ne na'urorin biyu suka haɗu, kyamara ta zama malamar ma'auni. Kuma a 2023 masu bincike a Jami'ar Kadif suka nuna cewa daga raguwar saurin motsi a waɗannan lambobi ana iya hango alamun cutar karkarwar jiki ta Parkinson har shekara bakwai kafin likita ya tabbatar da ita.

To, ina muke a cikin wannan? A cikin ƙasashe tara na Ego4D, Ruwanda ce kaɗai daga Afirka, ita ma ta dalilin reshen Jami'ar Carnegie Mellon da ke Kigali. Ba na zargin masu aikin da mugun nufi, hasali ma sun yi ƙoƙarin fita daga Turai da Amurka fiye da waɗanda suka gabace su. Amma kwamfuta abin da aka nuna mata shi ta sani. A duba matar da ke tuƙa tuwo a tsakar gida: tana zaune a kan kujera 'yar tsuguno, ta dafe tukunya da tsumma, hayaƙin itace na ratsa gaban kyamarar, ta zuba ruɗe, ta jira ya dahu, ta riƙa barbaɗa gari da hannu ɗaya tana juya muciya da ɗayan, daga ƙarshe ta tsoma mara a ruwa ta kwashe malmala-malmala. Manhajar da ta koyi girki daga mutanen da ke tsaye gaban murhun gas a Toronto ba ta da yadda za ta bi wannan aiki mataki-mataki, balle ta bambanta surfe da daka, ko bakace da tankaɗe. Haka ma'aunin hannu: matar da ta ɗauko tulu a ka ta dafe shi da hannu tana iya yin doguwar tafiya ba tare da hannun ya lilo ba, sai na'urar ta rage mata taku, yayin da ɗan acaɓa da ke zaune a kan babur a hanya mai gargada hannunsa ke girgiza wuni guda. Idan aka kawo irin wannan na'ura aka auna lafiyar jama'armu da ita ba tare da an daidaita ta da rayuwarmu ba, sakamakon zai fito a rahoto mai kyan gani, a gina manufa a kansa, kuma ba gaskiya ba ne.

Akwai shaidar cewa idan aka yi aikin a nahiyarmu ta Afirka, tambayoyin kansu sukan canza. Masu bincike daga kwalejin Imperial ta Landan da Jami'ar Gana, da tallafin gidauniyar Gates, sun gwada kyamarorin da ake maƙalawa a tabarau ko a riga domin auna abin da mutane ke ci a gidajen Gana, maimakon tsohuwar hanyar tambayar mutum abin da ya ci jiya, wadda kowa ya san mantuwa da kunya na gurɓata ta. Cikin matsalolin da suka fuskanta akwai wadda duk Bahaushe zai gane nan take, wato cin abinci a kwano ɗaya, inda hannaye huɗu ko biyar ke shiga tire guda, kuma dole a san loma nawa kowane hannu ya kai baki. A gabashin Yuganda ma an rataya wa iyaye mata kyamara domin a ga abincinsu da na 'ya'yansu da yadda suke raba lokacinsu. A yankin da tamowa ke cin yara kamar namu, sanin ainihin abin da ke shiga bakin yaro daga kwanon gida ba ƙaramin ilimi ba ne. Ga kuma masu lalurar gani, waɗanda tabarau zai iya karanta musu takarda ko ya gaya musu abin da ke gabansu, muddin ya san kuɗinmu da kayan kasuwarmu, ya kuma iya yi musu magana da Hausa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne sana'o'in hannu. A ƙarshen 2023 aka fitar da wani rumbu mai suna Ego-Exo4D, inda ake ɗaukar gwani da kyamarar tabarau da kuma wasu kyamarori a gefe a lokaci guda, sannan wani masani ya yi sharhin abin da ya yi daidai da inda ya kauce. Girki da gyaran keke da ƙwallo da kiɗa suka ɗauka. Mu kuwa muna da marina a Ƙofar Mata da suka san lokacin da baba ya nuna a karofi daga launin kumfarsa, muna da maƙera da suka san zafin ƙarfe daga jansa, da dukawa da masaƙa da magina tukwane, kuma da yawansu sun tsufa ba su da magada. Iliminsu yana cikin ido da hannu, ba ya rubutuwa, kuma ko bidiyon da ake ɗauka daga gefe ba ya nuna inda gwanin ya kalla kafin ya sauke masaba. Gani ya kori ji, kuma kyamarar goshi ita ce hanya mafi kusa da muke da ita ta adana wannan gani.

Yanzu ga matsalar. Mutumin da ya sa hannu a takardar amincewa ya ɗaura kyamara shi ne kaɗai ba zai fito a hoton ba. Waɗanda za su fito su ne matarsa da 'ya'yansa, da maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ba mayafi, da almajirin da ya zo ƙofa, da takardar asibiti da aka bari a kan tabarma. Duniya ta riga ta ɗanɗana wannan. Tabarau na Google Glass da aka fara sayarwa a 2013 a kan dala 1,500 ya gamu da ƙyamar jama'a, wasu gidajen abinci da na sinima suka hana shiga da shi, aka janye shi daga hannun jama'a a farkon 2015. Da Facebook da kamfanin tabarau na Ray-Ban suka fitar da nasu a Satumban 2021, hukumomin kare bayanai na Ayalan da Italiya sun nemi a nuna musu hujjar cewa 'yar ƙaramar fitilar da ke gefensa ta isa ta sanar da mutum ana ɗaukarsa. A Oktoban 2024 kuma wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard suka haɗa irin wannan tabarau da manhajar gane fuska, suka nuna cewa suna iya kallon baƙo a hanya su samu sunansa da adireshinsa cikin ɗan lokaci. Ba su saki manhajar ba, gargaɗi suka yi da ita, amma sun tabbatar cewa abin ba ya buƙatar gwaninta mai yawa.

A wurinmu al'amarin ya fi nauyi. Ginin gidan Bahaushe kansa tsari ne na izini: baƙo ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, a shigar da shi zaure, kuma namijin da ba muharrami ba ba ya wuce nan. Alƙur'ani a cikin Suratun Nur ya hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, a Suratul Hujurat kuma ya hana bin diddigin asirin mutane. Tabarau mai kyamara baƙo ne da ke wuce zaure a kan fuskar ɗan gida, ba ya sallama, kuma abin da ya gani yana iya ƙarewa a kwamfutar wani kamfani a wata nahiya, inda ma'aikata ke kallon bidiyo suna rubuta bayaninsa domin koyar da manhaja. Waya ma tana ɗaukar hoto, gaskiya ne, amma sai an ɗaga ta an saita, kowa ya gani, mace ta ja mayafinta ko ta ce a daina. Tabarau ya kawar da wannan ɗan lokaci na gargaɗi, wanda shi ne kariyar da talaka ya dogara da ita.

Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, Nijar kuma tana da tata dokar tun 2017. Mun kuma ga cewa hukumominmu na iya tunkarar manyan kamfanoni, domin a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook, dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Sai dai dokar ta 2023 ta ware bayanan da mutum ya tara don amfanin kansa ko na gidansa, kuma a nan ne giɓin yake: saurayin da ya shiga gidan biki da tabarau mai kyamara zai ce don kansa yake ɗauka, alhali bidiyon na iya wucewa ta rumbun kamfanin da ya ƙera tabarau ɗin. Wane ne mai alhakin amaryar da ƙawayenta a wannan hali, shi ko kamfanin? Ya kamata hukumar ta amsa wannan a rubuce tun na'urar tana hannun 'yan ƙalilan.

Wani zai ce tunda haka ne mu rufe ƙofa mu huta. Ban yarda ba, domin rufe ƙofa ba zai hana tabarau shigowa kasuwar Farm Centre a Kano ba idan ya yi arha, zai dai hana mu samun wanda ya san aikinmu. Abin da nake gani shi ne jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello da Bayero da Abdou Moumouni ta Yamai, su fara tara nasu rumbun, amma su fara daga inda babu shamaki, wato marina da maƙera da garejin kanikawa da gona, inda mai sana'a zai amince, a biya shi ladan lokacinsa, a rubuta bayanin aikin da Hausa daga bakinsa, kuma rumbun ya zauna a hannun jami'ar da yarjejeniyar da ta fayyace wanda zai iya taɓa shi. Cikin gida kuwa a jinkirta shi har sai kwamitocin ɗa'ar bincike sun fitar da ƙa'ida. Ba daga babu za su fara ba, domin tun 2013 masu bincike a Okusfod suka tsara sharuɗɗan amfani da irin wannan kyamara: mai sanye da ita yana da ikon cire ta ko tsayar da ita duk lokacin da ya so, shi zai fara duba hotunan shi kaɗai ya goge abin da bai so kafin mai bincike ya gani, kuma sai an nemi yardar mutanen gida tun kafin a fara. Masu Ego4D ma sun dusashe fuskokin waɗanda ba su ba da izini ba. Abin da za mu ƙara daga namu shi ne a nemi izinin kowace mace baliga a gidan ita da kanta, ba ta bakin maigida kaɗai ba, mata masu bincike su ne za su kalli abin da aka ɗauka a cikin gida, kuma duk inda ma'aunin motsi zai wadatar, a bar kyamara a waje.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne ka tura wakilinka ga hukumar kare bayanai ta ƙasa ya tambaye ta matsayin doka a kan mutumin da tabarau mai kyamara ya ɗauka ba da saninsa ba, da inda zai kai ƙara, sannan ya zagaya sassan kwamfuta na jami'o'inmu ya ji ko akwai masu wannan bincike da abin da suke buƙata. Ina kuma fatan malaman addini da ƙungiyoyin mata da na masu lalurar gani za su aiko da nasu ra'ayin ta wannan shafi, domin kowannensu yana da abin da zai samu da abin da zai rasa a wannan al'amari.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Wani malamin kwamfuta daga Zariya